Bangon Falon Alhaji Sabo

Tanko mai fenti ya haura shekara sittin a duniya ba shi da zane ko ɗaya da zai kama hannun mutum ya kai shi ya ce, ga aikina. Ba don bai yi aiki ba. Tun kafin yaƙin basasa yake zana bayan manyan motoci a Kaduna, irin masu bodin katakon nan da ke ɗaukar hatsi da shanu. Sai dai zanen mota ba ya zama wuri ɗaya. Ranar da fenti ya bushe, ranar direba zai zo ya tayar da inji, ya ɗaga masa hannu, shi ke nan. Wasu motocin sun ƙare a ramukan hanyar Jos, wasu an sayar da su Nijar, wasu an farfasa katakon an dafa abinci da shi.

Ɗan dukawa ne daga cikin birnin Kano. Yana yaro aikinsa shi ne zana ado a jikin fata da ɗan siririn ƙarfe, layi kusa da layi, har sai mutum ya kawo jakar daf da idonsa kafin ya ga iyakar aikin. Da ya zo Kaduna yana saurayi, ya zauna wurin wani Bayarabe mai rubuta allunan shaguna, wanda kowa ke kira Baba Ilori. A nan ya koyi riƙon buroshi da haɗa launi. A nan kuma aka fara ba shi bayan mota.

Zaki aka ce ya zana. Ya yi shi yadda ya saba yin aikin fata, gashi ɗaya-ɗaya, farce ɗaya-ɗaya, har da jijiyar ido. Duk wanda ya zo ya tsaya a gindin motar sai ya yaba. Ranar da za ta tafi, Tanko ya bi ta da kallo yana jin daɗi a ransa. Ba ta kai kwanar titi ba zakin ya narke. Abin da ya rage a jikin katakon wani dunƙule ne ruwan ƙasa, kamar an watsa kunu. Baba Ilori yana gefe yana tauna goro, ya ce da irin Hausarsa, "Mai kallon mota a baya yake, cikin wata mota. Ba zai sauko ya ƙirga maka gashi ba."

Daga ranar Tanko ya sake hannu. Ya fara zubar da ƙananan layuka. Shekara na bin shekara, buroshinsa na ƙara faɗi, launukansa na raguwa, har suka tsaya a ja da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa da fari. Baƙi ma ya daina saye, ya ce inuwa shuɗiya ce idan an hango ta daga nesa. Yakan ƙara wa launi ƙarfi fiye da kima, don ya san hanya za ta cinye rabi. Daga baya ya ɗaure buroshi a bakin doguwar gora, don kada jikinsa ya matsa kusa da katako idonsa ya yaudare shi. Zai shafa sau ɗaya, ya jingine gorar, ya ja da baya, ya yi ta ja da baya ba waiwaye, har sai ɗuwawunsa ya taɓa teburin mai shayi a ɗaya gefen filin. Ya tsaya ya runtse ido ɗaya. Ya dawo ya sake shafawa. Makanikai da 'yan walda na Panteka, inda yake aiki, sun saba, da sun ga ya taho da baya sai su janye ƙafafu da kayan aiki daga hanya. Su ne suka sa masa Tanko Ja-da-baya.

Zakuna ya yi su har ya gaji, ya koma mikiya, ya koma jirgin sama lokacin da kowane direba ke son jirgi. Can daga baya ya bar masu rai gaba ɗaya, ba don wa'azin kowa ba, sai don ruwa ya kama masa zuciya. Kogi, da giginya, da hasken la'asar a kan ruwa. Yakan ce zaki kowa ya san shi, ko da ƙafa uku ka yi shi za a ce zaki ne, amma ruwa in ba ka same shi ba, shuɗin fenti kawai ka shafa. Direbobi da yawa ba sa so. Waɗanda suka yarda kuwa, tun daga nesa ake gane motarsu.

Sannan aikin ya fara mutuwa. Aka rage ƙera bodin katako, tireloli da bas-bas suka cika hanya, sitika ta shigo, wadda direba zai manna da kansa yana jiran lodi. A farkon shekarun casa'in Tanko yakan hau kekensa daga Rigasa ya je Panteka ya wuni a kan benci, ya koma gida da gwangwanayensa ba a buɗe ba.

A irin wannan zaman Ila ya same shi. Ila Bazazzagi ne, tsohon direban babbar mota, wanda ciwon baya ya hana doguwar tafiya, ya koma tuƙa wani babban ma'aikacin gwamnati mai ritaya a Unguwar Rimi. Tsakaninsa da Tanko ba gaisuwar arziki, wasan Kanawa da Zazzagawa suke yi tun suna samari.

"Bakano, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in ga wanda zan bar wa gado cikin bayina. Kai dai ko murfin gwangwani ba za ka samu ba."

"Tashi ka wanke wannan hannun naka. Maigidana ke nemanka."

"Motarsa ce ta yi tsatsa?"

"Bango ne. Bangon falo guda, daga ƙasa har silin."

Tanko ya dubi fuskar Ila ya ga ba wasa a cikinta. Ya tashi ya nemi ruwa.

Maigidan Ila, Alhaji Sabo, dattijo ne siriri mai tabarau, mai magana a hankali. Ya karɓe su a falo, ya sa aka kawo lemo, bai shiga maganar ba sai da suka sha.

"Malam Tanko, shekarun baya ina dawowa daga Zariya na tarar da wata babbar mota a gabana. Ina da taro a ofis, sauri nake. Sai na ga bayanta. Kogi ne da giginyu. Ban sani ba ko ka taɓa zuwa garinmu."

"Wane gari ne, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya faɗi sunan wani ƙauye. Tanko ya ce ko jin sunan bai taɓa yi ba.

"To mashayarmu ka zana, inda muke wanka muna yara. Yanzu yashi ya cinye ta. Na bi motar nan har Kawo ban wuce ta ba, na makara a taron. Shekara da shekaru ina ba da labarin, sai kwanan nan Ila ya ce ya san mai hannun."

"Na ce masa wani tsohon Bakano ne mai tafiya da baya kamar tunkiya ta ga wuƙa," in ji Ila.

Alhaji ya yi murmushi, ya dafa doguwar kujerar da ke gefensa. "So nake in zauna a nan da safe, in sha shayina ina kallonsa. Iyakar buƙatata ke nan."

Tanko bai dubi kujerar ba. Bangon yake kallo. Fari ne, mai faɗi, ba taga ba ƙusa, yana fuskantar babbar ƙofar falon mai ganye biyu. Bayan ƙofar akwai matakala, sai tsakar gida, sai wani mangwaro kusa da get inda maigadi ke shimfiɗa tabarma. Bai taɓa samun wuri mai girman wannan ba. Ya ce zai yi.

Aka shirya cewa zai fara idan Alhaji da matarsa Hajiya Delu sun tafi Umra, daga can kuma za su sauka Legas wurin ɗansu su ɗan kwana biyu. Hajiya ba ta son warin fenti. Za a kwashe kujeru, a bar masa falon shi kaɗai.

Da ya koma Rigasa ya tarar da matarsa Larai tana tsince shinkafa. Ya jingine keke, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, ya gaya mata.

"Bango ba shi da taya, Larai. Inda na bar shi, nan zan dawo in same shi."

"Sai ka riƙa zuwa gaishe shi ranar Juma'a."

"Dariya kike yi."

"Ba dariya nake ba, Malam. Tun ina amarya nake wanke ja da shuɗi a rigunanka, ban taɓa ganin inda suke zuwa ba. In mata sun tambaye ni me mijina ke zanawa, sai in ce su tambayi sabulu."

"Wannan za ki gani."

Ya fara aikin da kankare bangon, ya shafe shi da shuɗi mai duhu gaba ɗaya, ya bar shi ya bushe. Fentin mai ya saya, irin na mota, don shi hannunsa ya sani. Ya buɗe ganyen ƙofar biyu saboda wari, ya ɗaura buroshi a gorarsa. Daga nesa yake farawa kullum: sama tukuna, sai tsallaken kogi, sai ruwa, giginyu a ƙarshe. Ya shafa, ya jingine gora, ya ja da baya. Ƙafafunsa ba su tambaye shi ba. Suka fitar da shi ta ƙofa, suka sauka matakala, suka ratsa tsakar gida, ba su tsaya ba sai da bayansa ya taɓa mangwaro. A nan ya runtse ido ɗaya. A rana ta farko ya tuntsurar da butar maigadi. Daga nan maigadin ya koyi ajiye ta a bayan bishiya.

Bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba. Ba direban da ke tsaye a kansa yana duba agogo, ba ƙarfen bodi da zai raba masa kogi biyu. Sai ya wuni a kan hasken ruwa kaɗai. Ya gano cewa in ya ɗora farin a kan ruwan ɗorawa tun bai gama bushewa ba, da faɗin buroshi, sau ɗaya tak, hasken yakan yi kamar yana rawa. Shekaru yana neman wannan a jikin katako bai samu ba. Wata rana ya shafe giginya guda da ya gama, don ta tsare wa ruwa hanya. Wata rana bai taɓa bangon ba ko sau ɗaya, ya zauna a tabarmar maigadi yana kallo har la'asar, ya tashi ya tafi gida.

Ila yakan leƙo daga tsakar gida idan ya zo ɗumama mota. Tun yana tsokana har ya daina. Ranar da Tanko ya ce ya gama, Ila ya tsaya a gindin mangwaro ya daɗe, sannan ya ce, "Bakano, ashe ba a banza kake cin tuwo ba." Shi ya kawo shawarar a ɗauko Larai kafin masu gida su dawo.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya je Rigasa da Fijon Alhaji ya ɗauko ta. Ta sa mayafinta na zuwa biki. Ila ya ajiye motar a bayan gida inda ya saba, ya shigo da ita ta kicin, saboda haka ta cikin gida ta faɗo falon, bangon na gefen kafaɗarta. Tanko na tsaye yana goge hannu da tsumma.

Larai ta juya ta dubi bangon. Ta matsa kaɗan. Ta ɗaga kai sama, ta sauke. Abin da ke gabanta manyan shafe-shafe ne, kowane ya fi tafin hannunta faɗi, shuɗi a kan kore, fari a kan ɗorawa, ga sawun gashin buroshi, ga inda fenti ya ɗan zubo ya daskare.

"Malam, ba a gama ba ne?"

Ila ya yi tari. Tanko ya yi dariya, ya ce, "Zo nan." Ya wuce gaba ta bi shi, suka fita ta babbar ƙofa har gindin mangwaro. Ya ce ta juyo.

Ta juyo. Ta laluba bencin maigadi ta zauna, idonta na can cikin falon. Kogi ne shimfiɗe, rana ta karkata, giginyu sun miƙe a tsallake, inuwarsu ta kwanta a kan ruwa.

"Wannan ruwan tafiya yake yi," ta ce a hankali.

"Tafiya yake."

"Ashe abin da kake yi ke nan."

Tanko ya zauna kusa da ita. Maigadi ya kawo mata ruwa a kofi ta riƙe ba ta sha ba. Can ta dubi tabarmar, ta dubi get, ta dubi mijinta.

"To, Malam, su masu gidan a nan za su riƙa zama?"

Tanko ya buɗe baki zai yi dariya, dariyar ba ta fito ba. Ya tashi ya koma falon. A ƙasa akwai sawun ƙafafun doguwar kujera, inda ta daɗe a ajiye. Ya tsaya a wurin, ya durƙusa daidai tsayin mutumin da ke zaune, ya ɗaga kai. Ba kogi. Ba giginya. Abin da Larai ta fara gani shi ya gani. Ya matsa iyakar inda falon ya ƙare, har bayansa ya taɓa jikin ƙofa. Nan ma ruwan bai haɗu ba.

Ila ya shigo ya same shi. "Bar shi haka, Bakano. In ya dawo sai a tsayar da shi a get a nuna masa."

"Mutumin ya ce zai zauna a nan ya sha shayi yana kallo. A ɗakin gadi zai sha shayin?"

"To ai a bayan mota ya gan shi tun farko."

"Ya nuna mini kujerar da hannunsa, Ila. Ni ne ban duba ba."

Larai na tsaye a bakin ƙofa, ta riƙe gefen mayafinta. "Ni tambaya kawai na yi, Malam."

"Na sani. Je ki shiga mota."

Washegari Ila ya kama hanyar Legas don ya ɗauko su Alhaji. Tanko ya shiga kasuwa ya sayi ƙananan buroshi irin na 'yan makaranta, ya sayi gwangwanin baƙi, wanda rabonsa da shi tun kafin a haifi 'yarsa ta fari. Ya ari tabarau wurin wani tela maƙwabcinsa. Ya ce a ransa, ai da irin wannan aikin ya buɗe ido, hannun da ya yi adon fata ba zai kasa ganyen giginya ba. Ya kwance gorar ya ajiye ta a waje. Ya rufe ganyen ƙofar biyu, ya tokare su da bokiti, don kada ƙafafunsa su fitar da shi.

Ya fara da giginyu, yana fitar musu da ganye ɗaya-ɗaya, yana zagaye su da baƙin layi. Ya koma ruwa yana yi masa ƙananan igiyoyi. Hannun ya ƙi. Ya saba da lilo daga kafaɗa, yanzu an ce ya yi tafiyar tururuwa da 'yan yatsu, sai rawa yake. Layin da ya nufa siriri sai ya fito da kauri, ya gyara shi da wani, ya gyara gyaran. Tabarau ɗin tela na sa masa jiri, warin fenti a rufaffen ɗaki na sa masa ciwon kai. Duk da haka in ya durƙusa a sawun kujera yakan ga kamar abin ya fara kama da wani abu. Ga ganye dai, ga gaɓar kogi. Ya ci gaba. Bai fita ya duba daga mangwaro ba. Da safe ta kicin yake shigowa, da yamma ta nan yake fita, yana kawar da kai.

Ranar da aka ce gobe suna hanya, ya janye bokitin ya buɗe ƙofar. Wannan karon da gaba ya tafi. Ya kai gindin bishiyar ya daɗe yana kallon get kafin ya juyo.

Hasken ya mutu. Ƙananan layukan sun haɗu sun zama toka-toka, baƙin ya shanye shuɗin, ruwan ya tsaya cik kamar na kududdufi. Ya koma da gudu-gudu ya jiƙa tsumma da kananzir ya goga a wani gefe, ko na saman zai fita ya bar na ƙasan. Suka taso tare, suka cakuɗe. Ya tsaya da tsumman a hannu. Maigadi, wanda ya saba yi masa sannu duk sa'ad da ya wuce, ranar kau da kai ya yi.

Washegari su Alhaji suka iso da la'asar. Ila bai san abin da aka yi a bayansa ba. Maimakon ya zagaya bayan gida, sai ya taka birki daidai gindin mangwaro, ya fito da sauri ya buɗe wa Alhaji ƙofa, fuskarsa cike da fara'a.

"Yallaɓai, daga nan za ka fara gani. Tsaya nan daidai. Yauwa. Dubi can."

Ƙofar falon a buɗe take. Alhaji Sabo ya gyara tabarau ya duba. Ila ma ya juya ya duba, fara'ar ta bar fuskarsa. Ya nemi Tanko da ido, ya same shi tsaye a gefen matakala, hannuwansa a baya.

Alhaji ya taka a hankali ya shiga. Ya sa maigadi ya kawo masa kujera ɗaya, ya zauna a inda ya saba zama. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Hajiya Delu ta shigo bayansa ta toshe hanci da gefen gyale.

"Malam Tanko, ka sha wahala," in ji Alhaji. "Ana gani."

"Ranka ya daɗe."

"Ga ganye nan, ga komai. Amma ba shi ba ne."

"Yallaɓai, wallahi da ka gan shi kafin mu..." Ila ya fara.

"Yi shiru, Ila," in ji Tanko.

Hajiya ta ce, "Alhaji, nan fa baƙi ke sauka. Ga Sallah ta matso. Ni ban ce komai ba tun farko, don ka ce abin yarintarka ne."

Alhaji ya gyara zama. Ya ci gaba da kallon bangon, sannan ya yi ɗan murmushi irin na mai jin kunyar kansa. "Kada ka damu, Malam. Laifina ne. Abin ya daɗe, ni ne na yi ta ƙawata shi a raina. Ka san tsufa. Wataƙila wanda na gani a hanyar Zariya ma bai wuce haka ba, kewar gida ce ta sa na ga abin da na gani."

Tanko ya ji maganar har cikin ransa. Yana iya cewa a ba shi bangon ya sake. Ya dubi dattijon, ya ga ya riga ya sauke abin daga ransa, har ya fara tambayar Hajiya inda aka sa jakar magungunansa.

Hajiya ta ce gobe za ta aika a kira masu fenti su mayar da shi yadda yake.

"A bar mini, Hajiya," in ji Tanko. "Fentin mai ne. In ba a kankare shi ba, duk abin da aka shafa a kai zai ɓare. Ni na san yadda na sa shi."

A tsakar gida Ila ya tare shi. Ba Bakano, ba wasa. "Me ya sa ka hana ni gaya masa?"

"Ka gaya masa me? Cewa akwai, na ɓata? Ka nuna masa a ina?"

A gida Larai ta kawo masa tuwo ta zauna nesa kaɗan. Ta ga labarin a fuskarsa. Da ya gama ta ɗauke kwanon, ta ce, "Da na yi shiru ranar nan." Ya ce mata ruwan wanka yake so.

Ya kankare bangon da samfefa, tun daga sama. A wasu wuraren, in baƙin ya fita, tsohon farin da ɗorawar sukan leƙo kafin su ma su bi shi. Bai tsaya ba. Ya share garin fentin ya zuba a kwata. Ya toshe 'yan ramuka, ya sake gogewa har bangon ya yi santsi. Hajiya ta zaɓi ruwan madara. Ya shafa, shuɗin ya nuno ta ƙasa kamar tabo. Ya bari ya bushe ya sake, ya kuma sakewa, har ya daina nunowa. Ya bi gefen silin da bakin ƙasa da ƙaramin buroshi, bai bar ɗigo ko ɗaya a kan tayil ba.

Aka mayar da kujeru, aka rataya agogo da hoton Ka'aba a tsakiya. Hajiya Delu ta zo ta shafa bangon da tafin hannu, ta ja baya kaɗan, ta sake shafawa.

"Ikon Allah. Baba, ashe ka iya aiki haka? Waɗanda suka yi mana na farko ba su kai ka ba. Dubi gefen nan kamar an ja da zare." Ta kira Alhaji ya gani, ya leƙo daga ɗaki ya ce madalla. "Akwai kicin, akwai ɗakin yara, duk sun yi datti. Maƙwabciyata Hajiya Halima ma tana neman mai fenti mai tsabta, zan gaya mata. Za ka iya farawa yau?"

Tanko yana durƙushe yana wanke buroshi a bokiti. Ya matse shi, ya karkaɗe ruwan.

"Wane launi, Hajiya?"

"Irin wannan dai. Duka irin wannan."

"To."

Ya ɗauki bokitin da tsaninsa, ya bi ta kicin.